Kundin aikin bin diddigin kuɗin wallafa a jami'armu

Litinin, 1 ga Satumba, 2025

Yau na buɗe wannan kundi saboda aikin da shugaban ɗakin karatu ya ɗora mini: in gano nawa jami'armu take kashewa a kan buɗaɗɗiyar wallafa, wa ke biya, kuma ta ina za a rage nauyin. An ba ni wata uku da mataimakiya guda, babu wani kasafi na musamman. Asalin aikin tambaya ce da aka yi masa a zaman majalisar jami'a ya rasa amsarta. Kuɗin da muke biya duk shekara domin malamai da ɗalibai su karanta mujallu muna da lissafinsa filla-filla. Amma kuɗin da ake biya domin a buga maƙala ta zama kyauta ga mai karatu, wanda 'yan harkar ke kira APC, babu wanda ya san jimlarsa.

Ni ina goyon bayan buɗe ilimi, tun ba yau ba. Waɗanda suka fitar da sanarwar Budapest a Fabrairun 2002 sun nemi kowa ya karanta sakamakon bincike a intanet ba tare da shinge ba, kuma gaskiya suka nema. Sai dai manyan kamfanonin ɗab'i sun ɗauke shingen daga gaban mai karatu suka dasa shi a gaban marubuci. Mujallar Nature, alal misali, ta sa Yuro 9,500 a kan maƙala ɗaya a Janairun 2021. Ga malamin da ba shi da tallafin bincike mai kauri, an yi gudun gara an faɗa gidan zago ke nan.

Alhamis, 4 ga Satumba

Na wuni a ofishin ma'aji. Na zaci zan ce a ba ni jerin kuɗin wallafa a danna kwamfuta ya fito, ashe babu ma irin wannan kan kashe kuɗi a tsarinsu. Wasu biyan suna ƙarƙashin halartar taro, wasu sayen littattafai, wasu kuma an jefa su cikin "sauran kashe-kashe". Akawun da ke riƙe da fayilolin, dattijo ne mai haƙuri, ya ce da ni: "Malam, mu abin da aka rubuta a takardar neman kuɗi shi muke shigarwa. In malami ya rubuta bincike, bincike za mu sa." Ba laifinsa ba ne. Muka zauna tare muna buɗe fayil ɗaya bayan ɗaya, muna neman rasit mai sunan mujalla a jiki. Zuwa tashi daga aiki mun samu 23 na shekara biyu, kuma na tabbata ba su ke nan ba. Na rubuta wa ma'aji takardar roƙon a ware wa kuɗin wallafa lambarsa ta kansa.

Talata, 9 ga Satumba

Na tsara jadawalin shigar da bayanai. Ban ƙirƙiro nawa ba, na bi tsarin OpenAPC na ɗakin karatun Jami'ar Bielefeld a Jamus, inda jami'o'i ke bayyana abin da suka biya: sunan cibiya, shekara, kuɗi da Yuro, lambar DOI ta maƙala, wato lambar shaidarta ta dindindin a intanet, sai alamar ko mujallar ruwa biyu ce, wato wadda ake biyan kuɗin karatunta amma take sayar da buɗe maƙala ɗaiɗai. Na ƙara ginshiƙi biyu nawa, wa ya biya, da ko an nemi a yafe.

Juma'a, 12 ga Satumba

Mun zaƙulo maƙalun malamanmu daga OpenAlex, rumbun bayanan maƙalun bincike na duniya, ta amfani da lambar ROR, wato lambar shaidar jami'armu. Kyauta ne. Mataimakiyata ta fara gyaran sunaye, don malamai suna rubuta sunan jami'ar ta fuskoki da dama, wasu ma sunan sashe kawai suke sawa.

Laraba, 17 ga Satumba

Na yi babban kuskure, kuma zan rubuta shi yadda ya faru domin wanda zai gaji aikin nan kada ya maimaita.

A bayanan OpenAlex kowace buɗaɗɗiyar maƙala tana iya zuwa da farashi a gefenta. Na tara farashin dukkan maƙalun da sunan jami'armu ya fito a ciki, na samu wata jimla mai tayar da hankali, da ta kusan kai abin da muke biya na karatun mujallu gaba ɗaya. Ranar Litinin na kai wa shugaba ita da zafinta, shi kuma ya ambace ta a wani zama da shugabannin tsangayoyi. Jiya mataimakiyata tana duba jerin ta tsaya a kan wata maƙalar likitanci mai marubuta fiye da talatin, namu shi ne na ashirin da wani abu. Ta ce, "Malam, anya mu muka biya wannan?" Nan take gabana ya faɗi.

Kuskuren hawa biyu ne. Na farko, kamfani yana aika takardar neman biya ne ga marubucin da ke hulɗa da mujalla, ba ga duk wanda sunansa ya fito ba. Yawancin maƙalu masu tsada a jerinmu na haɗin gwiwa ne, kuma abokan aiki na wasu ƙasashe ne suka biya, ko yarjejeniyar jami'arsu ta ɗauke. Na biyu, farashin da na gani ba rasit ba ne. Inda babu bayanin ainihin abin da aka biya, farashin da mujalla ta tallata ake sawa a matsayin kiyasi, kuma sun faɗi haka ƙarara a bayanin yadda ake amfani da rumbun nasu. Ni ne ban karanta ba. Farashin talla bai san an yi ragi ba, bai san an yafe ba.

Da muka tace, muka bar waɗanda namu ne mai hulɗa da mujalla, jimlar ta sauko ƙasa da kashi ɗaya cikin uku na ta farko, ita ma kuma iyakar abin da zai yiwu ce, ba abin da aka biya ba. Da safe na shiga ofishin shugaba na ce, "Ranka ya daɗe, lambar da na kawo ba daidai ba ce, kuma laifina ne." Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce in rubuta gyara shi zai sa hannu ya aika wa waɗanda suka ji ta farkon. Abin da ya fi damuna shi ne amincin aikin, domin zan dawo wa mutanen nan da wasu lambobin nan gaba, kuma suna da hujjar yin shakka. Daga yau babu kuɗin da zai shiga jadawali sai da rasit ko tabbacin marubuci a rubuce.

Juma'a, 19 ga Satumba

Takardar gyara ta fita. Mun aika wa marubuta gajeriyar takardar tambaya, tambaya huɗu kacal.

Alhamis, 25 ga Satumba

Amsoshi sun fara shigowa, kuma abin da nake zargi ya tabbata: kaso mafi girma na kuɗin bai taɓa bi ta ofishin ma'aji ba. Daga aljihun malamai yake fita.

Wata malama daga sashen nazarin ƙananan halittu ta zo da kanta maimakon ta cike takardar. Ta fito da wasiƙar mujalla da rasit daga cikin jaka, an naɗe su gida huɗu, gefensu har ya fara yagewa. An karɓi maƙalarta bayan wata takwas na gyare-gyare, sai takardar neman biya ta biyo baya da wa'adin kwana talatin. Lokacin ƙarin girma ya matso, ba ta da tallafi, don haka ta ci bashi ta biya. Tsakanin ranar da takardar ta zo da ranar da ta haɗa kuɗin, dala ta ƙara tsada, ta sake neman ciko. Har yanzu ba ta gama biyan bashin ba.

Na buɗe shafin mujallar muna zaune. Ƙasarmu tana cikin jerin waɗanda ake yi wa sauƙi, amma ƙa'idarsu ita ce a nema lokacin miƙa maƙala, a wani ɗan akwati da ake latsawa a shafin ƙarshe. In an wuce nan sai dai roƙo. Na rasa yadda zan faɗa mata. Da na faɗa, ta daɗe tana kallon allon, sannan ta ce, "Malam, da wani ya gaya mini." Mu ne ya kamata mu gaya mata. Ɗakin karatu yana amfani da Research4Life, shirin da ke bai wa ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi damar karanta mujallu kyauta ko da rahusa, shekara da shekaru domin karatu, tun daga reshensa na farko, Hinari, da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara a 2002, amma ba mu taɓa sanar da malamai cewa kamfanoni da yawa da jerin ƙasashen wannan shirin suke aiki wajen yafe kuɗin wallafa ko rage shi ba.

Mun rubuta wa mujallar wasiƙar roƙon a duba a mayar mata da wani abu. Ban yi mata alkawarin komai ba.

Litinin, 29 ga Satumba

Na ajiye lissafi na kwana biyu na rubuta takardar jagora mai shafi ɗaya. Abin da ke ciki: kafin ka miƙa maƙala ka tuntuɓe mu, ka duba mujallar a DOAJ (jerin buɗaɗɗun mujallu da aka tantance), ka nemi sauƙi tun ranar farko, ka yi amfani da adireshin imel na jami'a, ka rubuta sunan jami'a yadda yake a hukumance. Na kuma sa jerin yarjejeniyoyin da ƙungiyar EIFL, mai taimaka wa ɗakunan karatu a ƙasashe masu tasowa, ta ƙulla da kamfanoni, inda marubutan ƙasashen da take aiki da su ke samun yafiya ko ragi. Na ja layi a ƙarƙashin magana ɗaya: mujallar ruwa biyu ba dole ba ne a biya ta. Za ka iya bugawa a rufe ba ko sisi, ka ajiye kwafinka a rumbun jami'a na intanet, inda kowa zai iya karantawa. Galibi ma yafiyar ba ta shafar irin waɗannan mujallu. Cikin rasit ɗin da muka tara akwai biyar na ruwa biyu, kuma uku daga cikin marubutan sun ɗauka tilas ne.

Alhamis, 2 ga Oktoba

Shigar da bayanai kawai. Ma'aji ya amince da sabuwar lambar kashe kuɗi, za ta fara aiki a kasafi mai zuwa.

Talata, 7 ga Oktoba

Wakilin wani babban kamfanin ɗab'i ya kawo tayin yarjejeniyar karatu da wallafa a dunƙule. Mu biya kuɗi guda a shekara, malamai su karanta mujallunsu, su kuma buga a buɗe ba tare da takardar neman biya ta je wa kowa ba. A ido abin yana da kyau, wasu a kwamitin har sun fara murna.

Na kwana biyu ina karanta irin waɗannan yarjejeniyoyi a rajistar ESAC da ɗakin karatun Max Planck ke kula da ita. Jamusawa, a ƙarƙashin haɗakar cibiyoyin iliminsu mai suna Projekt DEAL, sun ƙulla da kamfanin Wiley a Janairun 2019 a kan Yuro 2,750 kowace maƙala, suka yi irinta da Springer Nature shekara guda bayan nan. Jami'ar Kalifoniya kuwa ta yanke biyan kamfanin Elsevier a 2019, ta zauna kusan shekara biyu babu yarjejeniya, sai a Maris 2021 suka daidaita. Abin da na lura shi ne waɗannan sun zauna teburin ciniki da ƙarfi iri biyu da mu ba mu da su: suna da tarin kuɗin karatu da za su karkatar zuwa wallafa, kuma suna iya tashi su bar teburin. Jamusawan ma ba jami'a ɗaya ba ce, ƙasa ce guda ta haɗa kai.

Da na ɗora tayin a kan jadawalinmu sai ga inda gizo ke saƙar. Adadin maƙalun da suka ce za su ɗauke ya ninka abin da malamanmu suka taɓa bugawa a wurinsu a shekara, kuma abin da ba a yi amfani da shi ba ba ya tsallakawa shekara ta gaba. Mujallunsu mafiya daraja, waɗanda malamai ke buri, an cire su daga ciki. Akwai ƙarin farashi na kowace shekara. Akwai kuma sharaɗin kada a bayyana farashin ga kowa, wanda ni a ganina shi ne mafi muni, domin da shi ake hana jami'o'i sanin ko an yi musu adalci. Wani ɓangare na abin da za mu biya kuwa maƙalu ne da dama can za a yafe mana su.

Na ba da shawarar kada mu sa hannu mu kaɗai, a miƙa tayin ga ƙungiyar ɗakunan karatu da muke ciki a yi ciniki tare. Ko ƙawancen masu ba da tallafin bincike na cOAlition S, da suka kawo Plan S a 2018, wato tsarin wajabta buɗe binciken da suka biya, sun daina tallafa wa irin wannan tsari a ƙarshen 2024, saboda sauyin da aka yi fata zuwa cikakkiyar buɗewa ya ƙi sauri. Ba don jadawalin nan ba, da ba ni da abin kare maganata sai zato.

Juma'a, 10 ga Oktoba

Wani malami ya turo takardar neman biya daga mujallar da ta karɓi maƙalarsa cikin kwana huɗu. Ba ta cikin DOAJ, adireshinta babu tabbas, editocin da ta lissafa ba mu ga alamar suna da alaƙa da ita ba. Na ce kada ya biya, ya rubuta musu ya janye. Na ƙara tambayoyin gane mujallar gaskiya daga ta bogi, na shirin Think. Check. Submit. a bayan takardar jagora.

Laraba, 15 ga Oktoba

Wata matsalar kuma, wannan karon a rumbun ajiyar jami'a. Rumbun yana kan manhajar DSpace, an kafa shi shekaru da suka wuce amma kusan kundayen digiri ne kawai a ciki. Makon jiya muka nemi malamai su turo maƙalunsu, ɗalibai biyu masu taimaka mana suka ɗora abin da ya shigo. Jiya na duba sai na ga yawancinsu kwafin kamfani ne, mai tambari da lambobin shafi. Ga mujallun da ke rufe, wanda aka fi yarda a ajiye shi ne kwafin marubuci na ƙarshe, wanda masu tantancewa suka amince da shi kafin kamfani ya tsara shi, wani lokacin ma sai bayan wa'adin wata 6, ko 12, ko 24. Ban yi wa yaran wannan bayani ba, na ce musu kawai su ɗora.

Mun sauke su duka, muna bin kowace mujalla a Open Policy Finder, shafin da ke tattara ƙa'idojin mujallu, mu ga me ta yarda da shi. Aikin mako guda ya koma baya. Abin da ya fi wuya shi ne samo kwafin da ake buƙata. Malamai da yawa ba su ajiye shi ba, da zarar na kamfani ya fito sai su share na hannunsu. Wani farfesa sai a tsohon imel na wani ɗalibinsa ya samo nasa. Saboda haka na sauya saƙon: ranar da aka ce an karɓi maƙalarka, ranar za ka turo mana, kada ka jira ta fito.

Laraba, 22 ga Oktoba

Makon buɗaɗɗiyar wallafa na duniya ne, muka yi zama da malamai. An cika zauren fiye da yadda na zata, ina jin labarin malamar nan ya zaga ne.

Wani farfesa a fannin injiniya ya miƙe ya ce, "Malam, duk abin da ka faɗa mun ji. Amma kwamitin ƙarin girma sunan mujalla yake dubawa. Ka ce in kai aikina mujallar da ba ta karɓar kuɗi, in rasa matakina?" Na ce, "Ranka ya daɗe, gaskiyarka, kuma wannan ya fi ƙarfin ɗakin karatu." Haka abin yake. Yawancin mujallun da ke DOAJ ba sa karɓar komai daga marubuci, amma muddin jami'a tana auna malami da sunan mujalla, farashin masu suna ba zai sauko ba. A Afrilun 2023 editocin mujallar NeuroImage sun ajiye aiki gaba ɗaya saboda kuɗinta na Dala 3,450, suka kafa Imaging Neuroscience tare da maɗaba'ar MIT. Sun iya hakan ne don su ne darajar mujallar, kuma fanninsu ya bi su. Ƙaramin malami shi kaɗai ba zai iya ba.

Na kawo musu batun riƙe haƙƙin mallaka. Tun Fabrairun 2008 malaman wata tsangaya a Harvard suka amince su bai wa jami'arsu izinin ajiye maƙalunsu da rarraba su, izinin da ya riga duk wata takarda da za su sa wa hannu da kamfani daga baya. Wannan ba ya cin kuɗi, sai dai yana buƙatar amincewar majalisa da duban lauyan jami'a. Na kuma sanar da masu samun tallafin Gidauniyar Gates cewa daga Janairun 2025 ta daina biyan kuɗin wallafa, tana neman a fitar da kwafin farko, wanda ba a kai ga tantancewa ba, a buɗe. Mutum biyu a zauren ba su sani ba, alhali sun sa rai da kuɗin.

Talata, 28 ga Oktoba

Na zaga mujallun da tsangayoyinmu ke fitarwa. Guda bakwai ne, huɗu suna fita a kan kari. Babu ko ɗaya a DOAJ, biyu ne kawai suke da DOI. Editoci suna aiki da dare bayan koyarwa, ba mai biyansu. Ƙasashen Latin Amurka da irin wannan suka gina dandalin buɗaɗɗun mujallu na SciELO da Redalyc, takwararsu AJOL kuma, wadda ta fara a 1998, tana ɗauke da ɗaruruwan mujallun Afirka, don haka hanyar ba sabuwa ba ce.

Lissafin farko: manhajar OJS ta tafiyar da mujalla a intanet kyauta ce, neman shiga DOAJ kyauta ne, Crossref, ƙungiyar da ke yin rajistar DOI, na karɓar Dala 1 a kan DOI na sabuwar maƙala ban da kuɗin zama mamba na shekara, kuma tun 2023 tana da shirin yafewa ga wasu ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, zan duba ko mun shiga. Ainihin tsadar tana wajen ma'aikaci: mai kula da na'ura da mai tsara shafi. Duk da haka abin da ake biya a kan maƙala biyu ko uku a manyan mujallu zai riƙe DOI na mujallun nan duka na tsawon shekaru.

Talata, 4 ga Nuwamba

Mujallar da muka roƙa a madadin malamar ta amsa. Ba za su mayar da kuɗi ba, amma sun ce za su yafe mata na maƙala ta gaba. Na kira ta na faɗa mata, ta yi godiya, bashin dai yana nan.

Na miƙa daftarin ƙa'idojin asusun wallafa. Ba za a biya mujallar ruwa biyu ba. Sai mujallar da ke DOAJ, sai marubucinmu ne mai hulɗa da ita, sai an nuna an nemi sauƙi tun farko, kuma a ajiye kwafi a rumbu. Akwai iyakar abin da za a biya a kan maƙala guda. Inda muka yi saɓani da shugaba shi ne rabon kuɗin. Shi yana son duka ya tafi biyan APC, wanda ya riga zuwa ya samu, domin shi ne abin da malamai za su gani su yaba. Ni ina son a ware kashi ɗaya cikin uku ga mujallunmu da rumbu, kuma a fifita ƙananan malamai marasa tallafi, don na ga su waye ke cin bashi. Bai amince ba, bai kuma ƙi ba. Ya ce in kawo lissafin hanyoyin biyu gefe da gefe kafin zaman kwamiti na ranar 18.

Kafin nan akwai marubuta 31 da ba su amsa takardar tambaya ba, zan bi su ofis-ofis. Mataimakiyata za ta fara cike takardar DOAJ ta mujallar tsangayar noma, wadda ta fi sauran shiri, sai dai dole editanta ya rubuta tsarin tantancewarsu da lasisin da suke amfani da shi a shafin mujallar tukuna. Ranar Alhamis ina da ganawa da lauyan jami'a a kan daftarin riƙe haƙƙi.